Bangon Gwamnati da Hannun Magini

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Dawanau zuwa Bichi da Tsanyawa, ko ya ɗauki ta Daura ya ratsa Dambatta, zai gane ginin gwamnati tun daga nesa ba sai ya karanta allo ba. Azuzuwa biyu ko uku a jere, bulo da siminti, kwano a sama, taga ta ƙarfe, fenti kala biyu. Asibitin sha-ka-tafi haka, rumfunan kasuwa haka, ofishin malamin gona haka. Da za a ɗauke ginin Kunchi cikin dare a dasa shi a Minjibir, babu wanda zai wayi gari ya ce an yi masa sauyi. A gefensa kuwa, sau da yawa a tsallaken titi kawai, ga zauren dagaci ko na wani tsohon falke, da zankwayensa a kai, da dagi a saman ƙofa, ko da kuwa damina ta fara lashe shi. Mutanen da suka iya wannan zane suna nan a garin. Ginin da aka yi da kuɗinsu ne bai san da zamansu ba.

A wasu ƙasashe an daɗe da mai da wannan batu doka. Tsarin mai sauƙi ne: duk lokacin da hukuma za ta yi babban gini da kuɗin jama'a, sai a ware wani ɗan kaso na kuɗin aikin, galibi ɗaya cikin ɗari, domin aikin fasaha da zai zauna a jikin ginin ko a harabarsa. Faransa ta fara a 1951 da gine-ginen makarantu, daga baya ta faɗaɗa zuwa sauran gine-ginen hukuma, kuma ayyukan da aka samar ta wannan hanya sun haura 12,000. A Amurka birnin Filadelfiya ne ya buɗe ƙofa a 1959, wato majalisar gari ce ta yi, ba gwamnatin tarayya ba, sauran birane suka bi sahu. Nan kusa da mu Senegal ta yi dokar ƙawata gine-ginen jama'a a 1968, zamanin Shugaba Senghor. Tambayar ita ce ko irin wannan tsari yana da wurin zama a ƙananan hukumomin arewacin Kano, inda rabin hirar majalisa taki ne da kuɗin makaranta.

Amsar da za ta fara fitowa daga bakin mutum mai hankali ita ce a'a, kuma ba za a ga laifinsa ba. Akwai azuzuwan da iska ta yaye wa kwano shekara da shekaru, yara na zaune a ƙasa. Akwai ɗakin shan magani da babu ruwa, babu banɗaki, babu ungozoma da dare. Gwamnatin jihar da kanta ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a 2024, wanda ke nuna ba sharrin 'yan adawa ba ne. A irin wannan hali, wanda ya tashi a taron masu ruwa da tsaki ya ce a ware kuɗin zane, za a yi masa kallon wanda ya ƙoshi. Ni ma ina tare da su a kan jerin abin da ya kamata ya gabata: rufi, ruwa, masai, kujera, sannan ado.

Inda na rabu da su shi ne zaton da suke yi cewa yanzu ba a kashe kuɗi a kan ado. Ana kashewa, kuma ba kaɗan ba. Fenti ado ne. Doguwar ƙofar shiga sakatariya mai ginshiƙai da tayil ado ce. Allon da ke ɗauke da hoton wanda ya kawo aikin, da sunansa, da muƙaminsa, da na uban gidansa, ado ne, kuma wani lokacin ya fi ginin da yake tallatawa ƙarko. A wa'adin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, daga 2011 zuwa 2015, mutanen Kano sun ga gine-ginen gwamnati sanye da ja da fari, an rubuta Kwankwasiyya ɓaro-ɓaro a kan rufin makarantu. Waɗanda suka biyo baya ba su bar al'adar ba, kala da suna kawai suke sauyawa. Masu ayyukan mazaɓu kuwa, daga sanata har kansila, kowa da tambarinsa a jikin rijiyar burtsatse. To wannan duk kuɗin jama'a ne, ya shige cikin takardar ƙiyasin ɗan kwangila babu wanda ya kira shi da sunansa, babu wanda ya tambayi mutanen garin ko shi suke so su riƙa gani kullum safiya. Don haka muhawarar ba a kan a fara kashe kuɗin ƙawa ba ce. A kan wa zai zaɓi ƙawar ce, wa za a biya, kuma shekara nawa za ta yi kafin wani ya zo ya shafe.

Wannan magana ta shafewa tana da babban misali a cikin birni. A 2017, lokacin da jihar ta cika shekara 50 da ƙirƙirowa, gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta gina dogon gini na tunawa a shataletalen gidan gwamnati, wanda wata mace mai zane ta tsara. A watan Yunin 2023, makonni kaɗan da rantsar da Abba Kabir Yusuf, aka wayi gari an rushe shi. Gwamnati ta ce tsayinsa yana kare gani, yana kawo cikas ga tsaro da zirga-zirga, wani babban jami'inta ya ƙara da cewa zanen yana kama da gicciye, daga baya kuma aka sanar za a sake gina irinsa a Na'ibawa. Ko mutum yana ganin an kyauta ko an yi ɓarna, abin lura ɗaya ne: aikin bai kai shekara bakwai ba. An gina shi da umarnin ofis, an rushe shi da umarnin ofis, kuma a duka biyun babu wata ƙa'ida rubutacciya da ta tilasta a tsaya a ji ta bakin jama'a. Idan haka ta faru a ƙofar gidan gwamna, ina ga wani ɗan shataletale a Makoda.

Shi ya sa nake ganin ƙaramar hukuma ta karkara ba ta da abin yi da gini mai tsayuwa shi kaɗai a tsakiyar titi. Da farko babu fili. Wannan yanki shi ne wanda masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma kowace gona kowace shekara babu hutu, ana ciyar da ita da takin gida da jakuna ke ɗaukowa. Gona tana jingine da gona, iyakarsu gamba ko jema, ɗorawa da gawo da tsamiya a tsakiya, kowace bishiya da mai ita. A irin wannan wuri, yanke fili domin abin kallo rigima ce da biyan diyya. Na biyu, mutum-mutumi ba zai karɓu ba. Malamai sun daɗe da bayyana hukuncin sassaƙa siffar mai rai, kuma babu ciyaman ɗin da zai so a ambaci sunansa a huɗubar Juma'a saboda gunki. Wanda ya kwafo dokar Turai da irin kayan da take haifarwa, to tun ranar farko ya kashe maganar.

Amma Bahaushe bai taɓa rasa hanyar ƙawata gini ba tare da ya kusanci wannan iyaka ba, kuma adonsa a jikin bango yake, ba ya cin ko taku ɗaya na ƙasa. Magini yana yin zanen ne tun yaɓe yana ɗanye, ya tayar da shi da hannu ya fito, ko ya karce shi da tsinke. A da ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa, ta ba shi duhun ja ta kuma kare shi daga ruwa. Rufin soro ana yi masa laso, haɗin katsi daga karofi da gashin dabba daga majema da ruwan dafara. Ka ga sana'a uku sun haɗu a rufi ɗaya. A ciki kuma ga ɗaurin guga, bakan gizo da ake ɗaurawa da azarar giginya har a rufe babban ɗaki babu ginshiƙi a tsakiya. Wanda ya kai wannan fasaha ƙololuwa shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, mai ginin masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. A Kano kuwa Gidan Makama da sorayen Gidan Rumfa suna nan ga mai son gani. Zanen ma ba ya tsaya cik ba. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce magina sun riƙa sa keke da agogo da jirgin sama a fuskar gidajen 'yan kasuwa, kusa da dagi da takobi. Yau ana yinsa da siminti da fentin mai, kamar yadda ake gani a ƙofofin fadoji da gidajen hakimai. Wasu masana suna yamutsa fuska, su ce launin ya yi ihu. Ni dai na fi son sana'ar da ta sauya kaya tana raye a kan wadda aka killace a gidan tarihi.

A lura kuma cewa wannan aiki a da hukuma ce babbar mai sayensa. Sarautar Sarkin Magina ba don ƙawa aka yi ta ba. Shi ne ke tara magina idan za a gyara fada, ko ganuwa, ko masallaci, ko gidan hakimi, kuma ta hannunsa yaro ke tashi daga mai kwaɓa ƙasa ya zama gwani. Da aka koma siminti da zanen injiniya, musamman bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 da ya kawo ƙarshen En'e, sai aikin ya koma hannun ɗan kwangila, wanda ribarsa ke cikin gamawa da wuri da rage kaya. Ba mugunta ba ce, lissafi ne. Abin da ba a rubuta a takarda ba, ba za a biya shi ba, shi kuwa ba zai yi sadaka ba.

Ba magina kaɗai ba ne. Minjibir tsohuwar matattarar masaƙa ce, Dawakin Tofa an san ta da ginin tukwane. Akwai alarammomi masu zayyanar allo, waɗanda idonsu a kan daidaiton layi da launi ya wuce na mafi yawan masu digiri. Akwai masu ɗinkin hula da riga da ke ɗauke da aska takwas a ka babu takarda, da masu walda da ke fitar da fure a ƙofar ƙarfe, da masu rubutun allo da zanen manyan motoci. Akwai kuma matasan da suka karanta zane a kwalejojin ilimi ko a Jami'ar Ahmadu Bello suka dawo gida suna buga fastar siyasa. Kusan dukkansu manoma ne da damina. Aikin gini kuwa da rani ake yinsa, daidai lokacin da samari ke ɗaure jaka su tafi ci-rani Legas ko Abuja.

A ce an ba da kwangilar azuzuwa a kan naira miliyan 50. Kashi ɗaya cikin ɗari naira dubu 500 ne. Ba zai gina aji ba, ba zai haƙa burtsatse ba. Amma zai biya gwani da yaransa biyu su yi fuskar ginin da saman ƙofofi, ya sayi kayan aiki, har a rage na gyara. A bangon makaranta za a iya haɗa ado da karatu: taswirar ƙaramar hukumar da sunayen garuruwanta, haruffan boko da na ajami, watannin noma, dam ɗin Thomas ko na Watari da yaran suka sani da idonsu. A asibiti, zanen da zai nuna wa matar da ba ta karatu inda ɗakin awo yake ya fi allon Turanci amfani. Nan ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu.

Ware kaso ba baƙon abu ba ne a dokokinmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 domin kiwon lafiya a matakin farko. Ƙananan hukumomin Kano suna ba masarauta nata kason. Kuma Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya damƙa wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, tituna, lambuna da filayen jama'a, har da ikon tsara allunan talla da raɗa wa tituna suna. Bai ambaci zane ba, amma duk bangon da ake magana a kai yana cikin wannan jeri. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar cikin gida a kan abin da yake nata.

Sai dai a nan ne gizo ke saƙar. Ciyaman ɗin da za a ce ya ware kashi ɗaya, shi kansa sau nawa yake ganin ɗarin? Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa tsakanin jiha da ƙananan hukumomi, kuma shekara da shekaru ta nan kuɗin ke bi. A cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikata da fansho, a cire na ayyukan haɗin gwiwa irin titunan kilomita biyar-biyar da aka ƙaddamar a ƙananan hukumomi 44 zamanin Kwankwaso, abin da ya isa sakatariya ba ya wuce na yaɓe da cike rami. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Kano ta yi zaɓenta a watan Oktoban shekarar. Aiwatar da hukuncin kuwa ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa. Bayan haka, mafi yawan manyan gine-ginen da ake gani a ƙauye ba ƙaramar hukuma ce ke zana su ba. Azuzuwa daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha suke zuwa, asibitoci daga hukumar lafiya matakin farko, wasu daga Abuja ta hannun 'yan majalisa, kowanne da zane guda ɗaya da ake bugawa a ko'ina. Dokar da kansilolin Bagwai za su yi ba za ta hau kan kwangilar da aka sa wa hannu a Kano ba. Idan ana so abin ya yi tasiri, dole a taɓa wancan zane na bai-ɗaya, a bar gurbi a cikinsa: fuskar gini, saman ƙofa, katangar gaba, a ce wannan na mutanen garin ne su cike. Ba a fafe gora ranar tafiya. Adon da aka tuna da shi ana gobe buɗe gini, ƙyalle ne da balan-balan.

Haɗari na biyu kowa ya san shi. Duk sabon layi a kasafi sabuwar ƙofa ce. Koriya ta Kudu ta wajabta irin wannan kaso a kan manyan gine-gine tun 1995, aka wayi gari dillalai sun shiga tsakani, ana ta dasa ƙarafa masu kama da juna a gaban benaye don kawai a samu takardar izini, har aka gyara dokar a 2011 aka ba mai gini zaɓin zuba kuɗin a asusu. Idan ƙasa mai tsauraran matakan bincike ta gamu da haka, mu ba sai an faɗa ba. Muddin kuɗin ya bi ta aljihun ɗan kwangila, zai kira yaronsa ya zana dagi karkatacce a sa'a biyu, ya rubuta an kammala. Maganinsa ba wata sabuwar hukuma ba ce mai shugaba da motoci. A raba kuɗin daga kwangilar, a liƙa adadinsa da sunan wanda aka ba aikin a ƙofar ginin, a sa kwamitin makarantar ko na asibitin, wanda da ma akwai shi, tare da mai unguwa da liman da wakiliyar mata, su ga samfuri a takarda ko a jikin allo kafin a taɓa bango. Shigar liman tun farko tana kashe rigimar da ka iya tashi daga baya. A kuma rubuta ƙarara cewa ba sunan mai muƙami, ba hotonsa, ba launin jam'iyya. Wannan sharaɗi shi ne zai fi wuyar wucewa a majalisa, domin masu ɗaga hannu su ne masu hotunan.

A ƙasar Hausa ta Nijar akwai abin dubawa. A garin Yama, jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara masallacin Juma'a na ƙasa a 1962 da gudummawar mutanen gari, ya yi ta ƙara masa hasumiyoyi, har ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, duk a jihar, masu zanen gini Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun gina sabon masallaci da tubalin ƙasa da aka matse da inji, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu, suka kuma jawo maginan gargajiya cikin aikin, aka kammala a 2018. Babu dokar kaso a ko ɗaya daga cikinsu. Abin da suka nuna shi ne idan magini ya shigo tun ana shata fili, ado ba ya zama ƙari a kan gini, kuma mutanen gari suna gyara abin da hannunsu ya taɓa.

Gyaran nan shi ne abin da tsare-tsarenmu suka fi mantawa. Zanen ƙasa yana son yaɓe bayan 'yan damuna, na siminti yana son sabon fenti, ga rana ga ƙurar hunturu. Idan ba a ajiye wani abu daga kason domin haka ba, a hannun kwamitin da ke kula da ginin, bayan shekara biyar bangon zai fi wanda ba a taɓa ba muni.

Saura ƙulli ɗaya, ƙarami a ido amma shi ke hana ruwa gudu. Ƙa'idar ba da kwangila tana neman rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji, da asusun banki na kamfanin. Gwanin da ke Kunchi ko Shanono ba shi da ko ɗaya, sunansa da aikinsa ne takardunsa. Idan aka bar ƙa'idar yadda take, wani mai kamfani a cikin jaka daga birni ne zai karɓi aikin, ya ɗauki gwanin a matsayin lebura, ya ba shi kuɗin yini. Hanyar da ke akwai ita ce ta aikin kai-tsaye, wadda sashen ayyuka na kowace ƙaramar hukuma ya saba bi wajen ƙananan gyare-gyare: a yi rajistar masu sana'ar kowace mazaɓa ta hannun shugabanninsu, a tsayar da farashi bisa faɗin bango da wahalar zane, a biya rabi a farko, rabi bayan kwamiti ya duba, kuɗin kuma ya faɗa asusun mutumin da ya riƙe cokalin yaɓe.